Lambar girma ta ƙasa: ta ina ake bi a sa sunan wanda ba shi da kowa a sama?

Sabo_Gangare:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Tambaya gare ni ga masana. Tsofaffin ɗaliban wata firamare a nan Jos suna so su miƙa sunan tsohon hedimastansu don a ba shi lambar girma ta ƙasa. Dattijo ne, shekara 35 ya yi yana koyarwa, bayan ritaya ma bai daina karantar da yaran unguwa kyauta ba. Ta ina ake farawa? Wace lamba ce ta dace da irinsa? Kuma da gaske ne akwai kuɗin fom? Wani ya ce musu sai an biya kafin suna ya shiga. Wasu kuma sun ce kada su ɓata takardarsu, abin na masu uwa a gindin murhu ne.

Barista_Rikkos:
Wa alaikumus salam, Malam Sabo. Bari in fara da maganar kuɗi: babu kuɗin fom. Duk wanda ya ce a kawo wani abu ya sa suna ɗan damfara ne, ko da ya nuna takarda mai tambarin gwamnati. Su riƙe kuɗinsu.

Dokar da ta kafa waɗannan lambobi ita ce Dokar Lambobin Girma ta Ƙasa mai lamba 5 ta 1964, kuma an mayar da fara aikinta baya zuwa 1 ga Oktoba 1963, ranar da Najeriya ta zama jamhuriya. Gida biyu ne, gidan Jamhuriyar Tarayya da gidan Neja. Nejar nan kogin ake nufi, ba jiha ba. Kowane gida hawa huɗu gare shi: Babban Kwamanda, Kwamanda, Hafsa, sai Mamba. In ka jera su daga sama zuwa ƙasa, ga yadda suke: GCFR, GCON (Babban Kwamanda), CFR, CON (Kwamanda), OFR, OON (Hafsa), MFR, MON (Mamba); masu ƙarewa da FR na Tarayya ne, masu ƙarewa da N na Neja. A kowane hawa ta Tarayya ce gaba da ta Neja. Ƙasa da waɗannan takwas akwai FRM, wato Mindar Jamhuriyar Tarayya, mai daraja ta ɗaya da ta biyu.

Malamin firamare irin wanda ka kwatanta, MON ko MFR ce ake sa ran ta zo masa. Amma masu miƙa suna ba su ne ke yanke matakin ba, kwamiti ne.

Hajiya_Dilimi:
Barista, Allah ya ƙara basira. Ashe OON ta fi MFR? Mutane da yawa da sun ga harafin F sai su ɗauka ita ce babba.

Barista_Rikkos:
Ta fi ta, Hajiya. Hawa ake fara dubawa kafin gida. Hafsa ko na wane gida ne yana gaba da Mamba.

Magatakarda_Tudunwada:
Ga matakan yadda ake bi a aikace. Ma'aikatar Ayyuka na Musamman da Hulɗa Tsakanin Gwamnatoci da ke Abuja ce ke riƙe da aikin, kuma a ƙarƙashinta kwamitin lambobin girma yake zama. Idan za a yi rabo, ana neman sunaye daga gwamnatocin jihohi, ma'aikatun tarayya da ƙungiyoyin sana'a. Kwamiti ya tace, jami'an tsaro su binciki mutum, a kai jerin gaban Majalisar Magabata ta Ƙasa ta ba da shawara, shugaban ƙasa ya sa hannu, sannan a rubuta wa waɗanda aka zaɓa.

Don haka waɗannan ɗalibai ƙofa uku ce a gabansu, kuma babu laifi su ƙwanƙwasa dukkansu. Ta farko ofishin Sakataren Gwamnatin Jiha, don ta nan jerin jiha ke fita. Ta biyu ƙungiyar malamai ta NUT, tunda malami ne. Ta uku ita ma'aikatar kanta, a rubuta wa Babban Sakatarenta kai tsaye.

Abin da za su haɗa: wasiƙar gabatarwa da sa hannun shugabannin ƙungiyarsu, cikakken tarihin aikinsa da shekaru, taƙaitaccen bayanin abin da ya yi wanda bai wuce shafi ɗaya ko biyu ba, hotonsa, shaidar asalin jiha da ƙaramar hukuma, adireshi da lambar wayar da ke aiki. Kowace takarda suka kai, su tafi da kwafi biyu, a buga musu hatimin karɓa da kwanan wata a kan ɗaya su dawo da ita. Wanda bai yi haka ba, in ya koma bin sawu ba shi da abin nunawa.

Inda aka fi faɗuwa shi ne wajen taƙaitaccen bayanin. Sai a cika shafi da "mutumin kirki ne, mai haƙuri, uba ga kowa". Duk wanda aka kawo sunansa haka ake ce masa. Mai tacewa abin ƙirgawa yake nema: makarantu nawa ya shugabanta, daga wace shekara zuwa wace, yara nawa ke zuwa darasinsa na kyauta, shekara nawa ke nan yana yi, wa zai shaida.

Auwal_FarinGada:
Ranka ya daɗe, bayaninka ya fito, amma mu faɗa wa juna gaskiya. A ɗauko jerin kowace shekara a duba. Gwamnoni, ministoci, sanatoci, manyan sakatarori, manyan 'yan kasuwa. Malaman firamare nawa za a tarar? Kujera ake ba lamba, ba aiki ba. Da an naɗa ka wani muƙami lamba ta biyo ka kafin ma a ga kamun ludayinka.

Malam_Isa_Bukuru:
Auwal, a saman jerin maganarka haka take. Zaɓaɓɓen shugaban ƙasa ana rataya masa GCFR tun kafin rantsuwa: Tinubu da Shettima sun karɓi GCFR da GCON ranar 25 ga Mayu 2023, saura kwana huɗu su kama aiki. Shugaban Majalisar Dattawa da Alƙalin Alƙalai su ma GCON ce ta al'ada. Wannan ta kujera ce, babu musu.

Amma kada mu manta da abin da ya faru a ƙofar gidanmu. Imam Abubakar Abdullahi na ƙauyen Nghar a Barikin Ladi, wanda ya ɓoye mutane a masallacinsa da gidansa ranar 23 ga Yuni 2018 lokacin da aka kai hari, mafi yawansu Kirista, ya tsaya a bakin ƙofa ya hana a taɓa su. Adadin da aka fi ambata mutum 262 ne. Limamin ƙauye ne, ba shi da kujera ba shi da kamfani. Ya karɓi MON a bikin 11 ga Oktoba 2022 a Abuja. A 2014 ma an karrama wani direban tasi na Abuja da ya mayar da maƙudan kuɗin da fasinja ya manta a motarsa. Ƙofar ƙarama ce, amma ba a rufe take ba.

Auwal_FarinGada:
Malam Isa, misalin nan naka ai ni yake goya wa baya. Liman ya yi abinsa a 2018. Amurka ta karrama shi a 2019. Tamu ba ta iso hannunsa ba sai 2022. Kuma mutumin da ya sa ransa a gaba ya ceci rai sama da 200, mataki na takwas aka ba shi, na ƙarshe. A wannan bikin dai mutane da dama sun karɓi CON don sun riƙe muƙami. Da wane ma'auni aka auna?

Hajiya_Dilimi:
Wallahi wannan tambayar ta Auwal tana ci mini tuwo a ƙwarya. Da ni ce a kwamitin, da CON ma ta yi wa Liman kaɗan.

Barista_Rikkos:
Dalilin jinkirin, aƙalla wani ɓangarensa, shi ne bayan bikin Satumba 2014 na zamanin Jonathan ba a sake yin babban rabo na gama-gari ba sai Oktoba 2022. A tsakani sai na musamman, irin na 12 ga Yuni 2018. To shekarun nan duka sunaye na taruwa.

Wannan ya kawo mu ga abin da mutane ƙalilan suka sani: akwai iyakar adadi. Takardar umarnin da aka yi a ƙarƙashin dokar ta ce a shekara guda kada a wuce GCFR 2, GCON 10, CFR 20, CON 30, OFR 50, OON 100, MFR 100, MON 100. In ka tara, 412 ke nan. Ku lura da siffar abin: ƙasa faɗi, sama tsini. Waɗanda suka tsara sun ware gurbi 200 cur ga matakin Mamba, wato don talakawa masu aiki tuƙuru irin wannan hedimasta. A 2022 an karrama sama da mutum 400, amma sai dalar ta kife: masu CFR sun haura 50, masu CON sun haura 60, alhali MON da MFR ko ɗaya ba ta cika 100 ɗinta ba. Guraben ƙasa na nan ba a cike su, na sama ake turereniya a kai.

Lauya_Maitama:
Babban yaya Barista, ina da ɗan gyara. Iyakar ba a jikin dokar majalisa take ba, a takardar umarnin shugaban ƙasa take, kuma dokar ce ta ba shi ikon yin takardar. Mai ikon yi yana da ikon gyarawa. Sannan ana iya cewa rabon 2022 na shekaru bakwai ne aka haɗa.

Barista_Rikkos:
Na yarda yana da ikon gyarawa, ƙanena. To ya gyara a rubuce, a buga a jaridar gwamnati kowa ya gani. Muddin ba a gyara ba, abin da ke rubuce shi ne doka. Kuma lafazin "a cikin shekara guda" ne, bai ce a tara bashin shekarun da ba a yi ba. Ka tuna kuma a ƙarshen Mayu 2023, wata bakwai kacal bayan wancan, an sake fitar da wani jerin na sama da mutum 300.

Kofur_Rukuba_mai_ritaya:
Salamu alaikum. Ina ganin ana haɗa abubuwa, bari in raba muku ta ɓangaren soja. Haruffan da kuke gani bayan sunan babban hafsa kashi huɗu ne, kuma ba duka ne lambar girma ba.

Akwai lambar ƙasa irin wadda Barista ya lissafa. Soja ma na samu, sai dai ƙyallen tasa yana da siririn jan layi a tsakiya, da shi ake bambanta ta da ta farar hula.

Akwai mindar daɗewa a aiki ba tare da tabo ba: FSS, sai MSS, sai DSS, sai GSS, a haka suke hawa. Wannan shekaru ne da tsabtar fayil. In an taɓa kama ka da babban laifi tana iya wuce ka.

Akwai mindar fagen daga da ta jarumta. Ta fagen daga duk wanda ya yi wa'adinsa a wurin yana samu, kamar ta ECOMOG a Laberiya da Saliyo, ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ko ta Lafiya Dole a Arewa maso Gabas. Ta jarumta kuwa, irin Tauraron Najeriya da Tauraron Kogin Binuwai, sai ka yi wani abu takamaimai a gaban abokan gaba. Kwamandan bataliya ne zai rubuta abin da ya faru, rana, wuri da shaidu, ya tura birged, birged ta tura dibishan, dibishan ta tura hedikwata. A nan ake asarar jarumai da yawa. In kwamanda bai rubuta da wuri ba, aka yi masa canjin wuri, ko shaidun suka warwatse, shi ke nan maganar ta bi ruwa.

Na huɗu su ne ƙananan haruffa: psc, fdc, mni. Waɗannan kwas ne aka yi aka ci. psc ta kwalejin hafsoshi ce irin ta Jaji, fdc ta Kwalejin Tsaro ta Ƙasa da ke Abuja.

Binta_Kuru:
Baba Kofur ya yi daidai. mni ta nan Kuru ce, Cibiyar Nazarin Manufofi da Dabarun Ƙasa, wadda aka kafa a 1979. Manyan ma'aikata, sojoji, 'yan sanda da wakilan ƙungiyoyi ke zuwa su yi kwas na watanni. Shi ya sa ake rubuta ta da ƙananan baƙaƙe. Lambar ƙasa da manyan baƙaƙe ake rubutawa, kuma ita ke fara zuwa bayan suna. Masu buga katin gayyata su kula: "Alhaji Wane, OON, mni", ba a juya ba. Wanda kuma yake da MON aka ɗaga shi zuwa OON, OON kawai zai rubuta tunda gida ɗaya ne. In gida biyu ne, kamar CON da OFR, sai a rubuta duka, babbar a gaba.

Sabo_Gangare:
Na gode ƙwarai, ana ƙaruwa. Wata tambayar da suka ce in ƙara: akwai albashi ko wani kuɗi da ke biyo lambar? Dattijon fanshonsa ba ya isarsa.

Magatakarda_Tudunwada:
Babu, Malam Sabo. Gara su sani tun yanzu kada a sa wa dattijo rai. Abin da ake ba mutum minda ce, da takardar shaida mai sa hannun shugaban ƙasa da hatimin Tarayya, sai ikon sa haruffan a bayan sunansa. Inda kuka ji kuɗi ko gida, kyauta ce daban da shugaban ƙasa ya ga damar haɗawa. 'Yan wasan Super Falcons da suka ci kofin Afirka a Yuli 2025 sun sami OON, aka kuma yi musu alkawarin dala 100,000 kowacce da gida. Taiwo Akinkunmi, wanda ya zana tutar Najeriya, ya sami OFR a 2014, aka kuma sa shi a albashi. Ba OON ko OFR ɗin ce ta kawo kuɗin ba.

Idan taimako ake nufi, waɗannan ɗalibai su yi karo-karo su gyara masa rufin gida ko su ɗauke masa kuɗin magani. Neman lambar ya tafi a gefe guda, kada ɗaya ya jira ɗaya.

Dokta_Naraguta:
Wadda ke zuwa da kuɗi ita ce NNOM, kuma ita gidanta daban. An kafa ta a 1979 don masu zurfin ilimi da ƙirƙira, a fannin kimiyya, likitanci, injiniya da fasaha, da adabi da ilimin zamantakewa. Hukumarta daban, ofishinta na Maitama. Ayyukan mutum ake tarawa a ba masana fanninsa su auna, shi ya sa a shekara mutum ƙalilan ke samu. Ladi Kwali, mai ginin tukwane da ke bayan takardar naira 20, ta samu a 1980, ta kuma sami OON a 1981. Akwai kuma NPOM ta ƙwazon aiki, a ƙarƙashin Ma'aikatar Ƙwadago, wadda har kamfanoni ake ba. Duk waɗannan ba sa cikin takwas ɗin can.

Ga hedimastan, kada a manta da karramawar Ranar Malamai ta Duniya, 5 ga Oktoba, da Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ke yi. Sai dai ita ta fi karkata ga waɗanda ke bakin aiki.

Ummu_Khalil:
Don Allah a fayyace mini wani abu. An ce GCFR ta shugabannin ƙasa ce kaɗai. To yaya aka yi Abiola ya samu?

Malam_Isa_Bukuru:
Al'ada ce, Hajiya, ba doka ba. Shagari ya ba Awolowo GCFR a 1982, alhali abokin takararsa ne kuma bai taɓa mulkin ƙasa ba. Buhari ya ba Abiola a Yuni 2018, tare da Babagana Kingibe da Gani Fawehinmi da suka sami GCON. A 12 ga Yuni 2025 Tinubu ya ba marigayi Shehu Musa 'Yar'aduwa GCFR. GCON ma da ana ganin ta manyan kujerun gwamnati ce, sai ga Aliko Dangote ya samu a 2011, Mike Adenuga a 2012. A 2022 Ngozi Okonjo-Iweala da Amina Mohammed suka samu.

Baƙo ma ana ba shi, amma ta girmamawa. Firaministan Indiya Narendra Modi ya karɓi GCON a Abuja cikin Nuwamba 2024.

Lauya_Maitama:
Rigimar da aka yi kan ta Abiola ba kan shugabanci ba ce, kan mutuwa ce. Takardar umarnin ta ce mutum na zama mai lamba ne sa'ad da ya karɓi mindar da takardar daga hannun shugaban ƙasa, shi da kansa, a bikin da aka shirya don haka. Mamaci kuwa ba ya karɓa. Tsohon Alƙalin Alƙalai Alfa Belgore na cikin waɗanda suka ce ba a ba mamaci. Waɗanda suka goyi baya suka kafa hujja da sakin layin da ke biye, wanda ya ba shugaban ƙasa damar ɗauke wannan sharaɗi in ya ga dacewar haka. Da wannan aka tafi, kuma yanzu abin ya zama ruwan dare.

Abin da ya shafi Malam Sabo a nan: ganin suna a jarida bai sa mutum ya zama MON ba. Sai ya karɓa. Kada a yi gaggawar buga kalanda da haruffan. Sa haruffan ko rataya mindar ga wanda ba a ba shi ba laifi ne a dokar, da hukuncin tara ko ɗauri.

Kofur_Rukuba_mai_ritaya:
Kan maganar mamaci, mu a wurinmu ba abin musu ba ne, don sau da yawa jarumtar ce ke tafiya da ran mai ita. Sojoji 17 da aka kashe a Okuama ta Jihar Delta cikin Maris 2024, ranar da aka binne su a maƙabartar sojoji ta Abuja aka sanar da tasu: hafsoshi 4 MON, sauran 13 FRM. Aka kuma yi wa iyalansu alkawarin gida da karatun yara.

Amma ina jan kunnen iyalan sojoji: minda daban, haƙƙin mamaci daban. Kuɗin rasuwa da inshora suna bin sunan magajin da sojan ya rubuta a fayil ɗinsa. Wanda ya yi aure bai je ya sabunta ba, sunan mahaifi ko wa ne ke nan har yanzu, matarsa da 'ya'yansa su ne za su sha wahala. Duk mai ɗa ko ƙane a soja ya tuna masa ya duba wannan.

Auwal_FarinGada:
Baba Kofur, Allah ya jiƙansu. Amma ka ga ko a nan ma: rana ɗaya, wuri ɗaya, mutuwa ɗaya, lamba iri biyu. Hafsa MON, ƙaramin soja FRM. Abin da nake faɗa ke nan tun ɗazu.

Kofur_Rukuba_mai_ritaya:
Ɗana, a soja komai da muƙami yake tafiya, har jerin kaburbura. Ban ce ya yi daɗi ba. Sai dai mindar jarumta ita ba ruwanta da igiya ko tauraron kafaɗa, abin da ka yi take bi. Ita ya kamata a riƙa bayarwa da yawa, a kuma karanta dalilin a bainar jama'a.

Nana_AnguwarRogo:
Ni abin da ke ba ni mamaki masu ƙin karɓa ne. Ana iya ƙi kuwa?

Dokta_Naraguta:
Ana ƙi, Anti Nana, kuma babu hukunci. Chinua Achebe ya ƙi CFR sau biyu, a 2004 zamanin Obasanjo saboda halin da jiharsa Anambra da ƙasar ke ciki, sai kuma 2011 zamanin Jonathan. Shi ɗin dai ya karɓi NNOM a 1979, wadda masana ke tantancewa. Gani Fawehinmi ya ƙi OFR a 2008 zamanin 'Yar'aduwa. Ya rasu a 2009, sai ga GCON a 2018, iyalinsa suka karɓa.

Darasin da ke ciki ga ɗaliban nan: su tambayi dattijon tukuna. Akwai malaman da ba sa son a yi musu shela, suna ganin ladansu na wurin Allah. Kada a yi wahala a kai ƙarshe ya ce bai san zancen ba.

Hajiya_Dilimi:
Wannan gaskiya ne Dokta. A nemi izininsa, a kuma sa 'ya'yansa a ciki, su ne ke riƙe da takardunsa.

Barista_Rikkos:
Tunda an taɓo ƙi, akwai kuma ƙwacewa. Shugaban ƙasa na da ikon karɓe lamba daga wanda ya yi abin da ya zubar da mutuncinta. Da wuya ka ji an yi amfani da ikon, kuma a ganina wannan ya fi yawan rabo rage mata daraja.

Auwal, ga wani abin da zai ƙara maka hujja. Ranar 1 ga Oktoba 2024 aka sanar da GCON ga Shugaban Majalisar Dattawa da Alƙaliyar Alƙalai, aka ba Kakakin Majalisar Wakilai Tajuddeen Abbas CFR. 'Yan majalisar suka tashi tsaye, suka ce zaurensu ba ƙanen na dattawa ba ne. Cikin kwanaki aka mayar da tasa GCON. Muhawarar gaba ɗaya kan matsayin kujera aka yi ta. Don haka ban ce ba ka da gaskiya ba. Abin da nake cewa, guraben Mamba 200 na nan a rubuce, kuma in mutanen kirki ba su tura sunaye ba, waɗanda suka tura ne za su cike su.

Yakubu_Terminus:
A yi hattara da wasu abubuwa biyu. Na ɗaya, jerin bogi. Duk lokacin da rabo ya matso sai ka ga jerin sunaye na yawo a WhatsApp, daga nan a fara kiran mutane ana cewa sunanka ya fito, turo kuɗin minda ko na masauki. Kafin bikin 2022 ma wani jeri ya yi yawo, gwamnati ta ce ba nata ba ne. Sahihin jeri daga ma'aikatar ko fadar shugaban ƙasa yake fitowa, kuma wasiƙa ke biyo baya.

Na biyu, masu shirya taro a otal su ba ka allon katako da sunan "jakadan zaman lafiya" ko "gwarzon shekara" bayan ka sayi tebur. Wannan kasuwanci ne. Lambar girma ta ƙasa tana cikin jerin abubuwan da tsarin mulki ya keɓe wa Tarayya kaɗai. Jiha na iya karrama ɗanta, masarauta na iya naɗa sarauta, jami'a na iya ba da digirin girmamawa, amma babu mai ba da MON sai shugaban ƙasa.

Magatakarda_Tudunwada:
Ƙari kan na Yakubu: su tabbatar sunan dattijon iri ɗaya ne a kowace takarda. Muhammad a nan, Mohammed a can, Mamman a katin ɗan ƙasa, wannan kaɗai na iya tsayar da bincike, ko a buga masa takardar shaida da sunan da ba nasa ba. Kuskure na faruwa har a sama. A jerin 12 ga Yuni 2025 an sa dattawa biyu masu rai cikin sahun mamata, sai da fadar shugaban ƙasa ta fito ta ba da haƙuri. A bikin 2011 kuma mindar ce ba ta isa ba, wasu suka koma gida ba su rataya ba.

Sannan a rubuta asalin jiharsa daidai. Ana duba rabon jihohi wajen tace sunaye. Mu a Jos wannan na da sarƙaƙiya: mutum an haife shi a nan, a nan ya yi aikinsa duka, amma takardar asalinsa ta Kano ce ko Bauci. Jihar da ya yi wa aiki na iya cewa ba ɗanta ba ne, jiharsa ta asali kuma ba ta san aikinsa ba. Irin wannan ya fi dacewa a bi ta ƙungiyar malamai ko ta ma'aikatar kai tsaye.

Sabo_Gangare:
Ranka ya daɗe, ka taɓo inda ke ciwo, don halin dattijon ke nan. A Jos aka haife shi, takardarsa ta wata jiha ce.

Malam_Isa_Bukuru:
To su haɗa da wasiƙun shaida daga ɓangarori daban-daban: hukumar ilimi ta ƙaramar hukumar da ya yi aiki, mai unguwa, limami, da fasto in akwai yaran Kirista da ya karantar, wanda da wuya a ce babu a makarantar gwamnati a Jos. Cikin tsofaffin ɗaliban nasa kuma a nemo waɗanda suka zama wani abu su sa hannu. Ɗan majalisar tarayya na mazaɓar ma a kai masa kwafi. Ba roƙo ba ne, aikinsa ne.

Auwal_FarinGada:
Ka ga mun dawo gindin murhun da Malam Sabo ya faɗa tun farko. Sai an nemo babba ya sa hannu.

Malam_Isa_Bukuru:
Shaida daban, uban gida daban, Auwal. Wanda ya zauna a ajinsa ya ce "shi ya koya mini karatu" gaskiya ya faɗa.

Ummu_Khalil:
In ba a dace a wannan karon ba, sai a haƙura ke nan, ko ana iya sake turawa?

Magatakarda_Tudunwada:
Ana sakewa, Hajiya, babu iyaka. Kada dai a ɗauka tsohon fayil na nan yana jira. Duk sanda aka buɗe karɓar sunaye a sake kai sabo, da sabon kwanan wata, a maƙala kwafin wancan mai hatimi a baya don a ga ba yau aka fara ba.

Malam Sabo, shekarar da ya fara koyarwa da shekarar da ya yi ritaya, suna da takardun biyun a hannu? In takardar kama aiki ta ɓata, su fara zuwa hukumar ilimi ta ƙaramar hukuma a ciro kwafi daga fayil ɗinsa, don wannan kaɗai na iya cin makonni.

Sabo_Gangare:
Ta ritaya na nan. Ta kama aikin ce za a tambayi babban ɗansa gobe in Allah ya kai mu.